Yadda Ake Kore Jimla a Harshen Odiya

Duk wanda ya tashi daga Maradi zuwa jihar Odisha ta gabashin Indiya, karatu ne ya kai shi ko rakiyar marar lafiya, zai tarar "a'a" ta fi "i" amfani a makonnin farko. Ba ni cin naman alade, ba ni da canji, kada a sa barkono, ban gane ba, wannan jakar ba tawa ba ce. A jami'o'in Bhubaneswar, babban birnin jihar, irin su Utkal da KIIT, Turanci yana fid da mutum. Amma mai adaidaita, da mai kayan miya, da tsohuwar da ke ba da hayar ɗaki, Odiya suke yi. Harshe ne na mutum fiye da miliyan 37 bisa ƙidayar Indiya ta 2011, kuma a shekarar 2011 ɗin ne aka sauya rubutun sunansa a hukumance daga Oriya zuwa Odia. In ka ga Oriya a bangon tsohon littafi, harshen ɗaya ne.

Akasarin kayan koyon da za ka samu da Turanci aka yi su, kuma suna ɓata shafuka wajen bayyana abin da Bahaushe ya sani tun yana goye. Turanci da Faransanci hanyar korewa ɗaya suke jan kusan komai da ita. Hausa kuwa ta raba "babu" da "ba … ba ne" da "kada", haka ma Odiya ta raba nata. Saboda haka kada ka bi ta Faransanci in za ka gina jimla. Faɗe ta da Hausa tukuna, ka ji wace irin "ba" ce ta fito daga bakinka. Wahalar da ta rage ta wuri ce: yaushe kalmar korewa take bin bayan aikatau, yaushe take shiga gabansa.

Kafin nan, ga yadda za a karanta misalan. Wasalin a marar alama sauti ne tsakanin a da o, har a ƙarshen kalma ana furta shi. Ā mai sanda a kai shi ne a na "rana". Alamar ~ tana nufin wasalin ya fita ta hanci kamar a kalmar Faransanci bon, ba a rufe shi da n. Harafin c na "ci" ne, h kuma bayan baƙi huci ne kawai: ch c ce mai huci, ba ch ɗin da aka koya mana a lakwal ba, th kuma t ce mai huci. Ɗigo a ƙarƙashin baƙi (ṭ, ḍ, ṇ, ḷ, ṛ) yana nufin a lanƙwasa harshe baya. Wakilan suna bakwai ne za su yi ta dawowa: mũ ni, āme mu, tu kai ga yaro ko aboki na ƙut da ƙut, tume kai ga sa'a, āpaṇa ku na girmamawa, se shi ko ita, semāne su. Odiya ba ta raba namiji da mace a aikatau, wannan kaya ɗaya ke nan an sauke maka.

Babu, ko ba shi ba ne?

Achi (ଅଛି) shi ne "akwai" ko "yana nan". Kishiyarsa nāhĩ (ନାହିଁ), wato "babu", "ba ya nan". Da shi ake kore samuwa, da wuri, da mallaka:

Pāṇi nāhĩ. Babu ruwa.
Maradire samudra nāhĩ. Babu teku a Maradi.
Mora gāṛi nāhĩ. Ba ni da mota.
Mo pākhare khucurā nāhĩ. Ba ni da canji a jikina.

Bambancin mora da mo pākhare shi ne na abin da ka mallaka da abin da ke hannunka a yanzu. Mai adaidaita na biyun yake son ji.

Inda Hausa za ta ce "ba … ba ne" ko "ba … ba ce", nuhẽ (ନୁହେଁ) ake sawa. A tabbatacciyar jimla Odiya ba ta buƙatar dirka, wato irin "ne" da "ce" namu, ko kaɗan: Mũ chātra, ni ɗalibi ne. Sai an zo korewa kalmar take bayyana a ƙarshe:

Mũ ḍāktara nuhẽ. Ni ba likita ba ne.
Maradi rājadhānī nuhẽ. Maradi ba babban birnin ƙasa ba ne.
Eiṭā mo gāṛi nuhẽ. Wannan ba motata ba ce.
Mũ Nāijeriāra loka nuhẽ. Ni ba mutumin Najeriya ba ne.

Ta ƙarshen ɗan Nijar zai faɗe ta har ya gaji, gara ya haddace ta tun daga gida.

Dukansu biyu suna sauya sura gwargwadon wanda ake magana a kansa. Nāhĩ na mũ da se ne, tu da āme nāhũ, tume nāhã, āpaṇa da semāne nāhānti. Nuhẽ na mũ da se ne, tume nuhã, āpaṇa da semāne nuhanti. Babba ko da shi kaɗai ne surar jam'i ake ba shi, kamar yadda yaro mai tarbiyya yake cewa "Baba ba su nan". Bāpā ghare nāhānti, Baba ba su gida. In ka ce Bāpā ghare nāhĩ za a gane, amma ka rage wa mahaifin mutane daraja. A asibiti kuma ka kasa kunne sosai: Ḍāktara nāhānti likita ba ya nan, Se ḍāktara nuhanti wannan mutumin ba likita ba ne.

Sifa ce ke rikitarwa, domin Hausa "babu" take sa mata: ba shi da kyau, ba shi da tsada. Odiya tana duba ko halin abu ake faɗa ko yanayin da yake ciki yanzu. Hali nuhẽ ne: Ei cāuḷa bhala nuhẽ, wannan shinkafar ba mai kyau ba ce. Yanayi nāhĩ ne: Mo deha bhala nāhĩ, jikina ba daɗi, ba ni da lafiya. Dabarar ita ce ka juya jimlar Hausa zuwa "ba mai kaza ba ne". In ta zauna daidai, nuhẽ. Haka ṭhik nuhẽ, ba daidai ba ne, da ucita nuhẽ, bai dace ba.

Aikatau mai ɗauke da lokaci: korewa a baya

Jimlar Odiya da aikatau take ƙarewa: mai aiki, abin da aka yi wa aiki, sannan aikatau. A lokaci sabau, da shuɗaɗɗe, da mai zuwa, ba ka taɓa komai a jimlar. Nāhĩ kawai za ka ɗora a ƙarshe.

Mũ mada pie nāhĩ. Ba ni shan giya.
Mũ ghusuri māngsa khāe nāhĩ. Ba ni cin naman alade.
Se kāli āsilā nāhĩ. Bai zo jiya ba.
Se kāli āsiba nāhĩ. Ba zai zo gobe ba.

Kāli jiya ce kuma gobe ce. Aikatau ne ke raba gardama. Lura kuma a waɗannan lokuta aikatau ya riga ya ɗauki alamar mai aiki, don haka nāhĩ ya isa kowa: āpaṇa jibe nāhĩ, semāne khāānti nāhĩ.

Kuskuren da ya fi yawa a nan daga finafinan Indiya muka gado shi. Duk wanda ya tashi yana kallonsu ya san "nahi", kuma kunnensa ya saba jin ta kafin aikatau, domin haka Hindi take yi. Odiya ba ta yi. Mũ nāhĩ jibi Hindi ce sanye da rigar Odiya. Daidai shi ne Mũ jibi nāhĩ. Haka kuma kada ka nemi "ba" ta biyu. Hausa tana kewaye aikatau gaba da baya, Faransanci ma haka, amma a nan kalma ɗaya ce tak.

Cikakkiyar surar ta jarida ce da rediyo da magana da manya. A bakin titi nāhĩ tana tsukewa ta koma ɗafa-ƙeya -ni, ta manne da aikatau. Ga "tafiya" a lokaci mai zuwa: mũ jibini, tu jibuni, tume jibani, se jibani, āme jibuni, āpaṇa jibeni. A shuɗaɗɗe: galini, galuni, galani, galāni, galuni, galeni. Ka koyi jin gajeruwar tun ranar farko, domin ita za a yi ta jefo maka, amma kai ka riƙe doguwar har bakinka ya faɗa. Dalilin yana tafe.

"Iyawa" aikatau ne na biyu, pāribā, kuma shi ke ɗaukar korewa: Mũ jāi pāribi nāhĩ, ba zan iya zuwa ba, Mũ bujhi pārili nāhĩ, ban iya ganewa ba.

Inda -chi yake, cire shi

Lokaci mai ci da na aikin da aka kammala suna ƙarewa da -chi: khāuchi ina ci, khāichi na ci. Wannan -chi ba komai ba ne illa achi da aka guntule. Tun da kishiyar achi ita ce nāhĩ, ba a tara su wuri ɗaya. Ana tsige ɗaya a dasa ɗaya.

Mũ khāuchi ya koma Mũ khāu nāhĩ, a gajarce khāuni. Ba ni ci yanzu.
Mũ khāichi ya koma Mũ khāi nāhĩ, a gajarce khāini. Ban ci ba.

Masu koyo sukan tambaya: "Malam, in na ce khāuchi nāhĩ ba za a gane ni ba?" Za a gane ka, kamar yadda za ka gane baƙon da ya ce "akwai babu ruwa". Abin da ya faɗa ke nan daidai wa daida.

Tun da -chi ne ke ɗauke da alamar mai aiki kuma an cire shi, a nan dole kalmar korewa ta ɗauki nauyin: mũ khāini, tu khāinu, tume khāina, se khāini, āme khāinu, āpaṇa khāi nāhānti. Wasali guda ne ya raba -uni da -ini, amma tazarar ma'ana babba ce. Bas āsuni, bas ba ta zuwa. Bas āsini, bas ba ta iso ba tukuna. Na farko ka nemi wata hanya, na biyu ka ci gaba da jira.

"Ban ci ba" ta Hausa kuma gida biyu take sauka. Khāili nāhĩ labarin wani lokaci ne da ya wuce: an kawo, ban ci ba. Khāini halin da kake ciki ne har yanzu: cikina wayam. In za ka iya ƙara "tukuna" a Hausar, khāini ce. In mai masauki ta tambaye ka ko ka ci, ka amsa da khāili nāhĩ, tana iya ɗauka ƙin abincinta ka yi.

Jimloli uku daga wannan gida sun cancanci haddacewa yadda suke: Mũ jāṇini ban sani ba, Mũ bujhi pāruni ba ni ganewa, Mote bhala lāguni ba ya yi mini daɗi.

Inda th- yake, korewa ta dawo gaba

Achi ba shi da shuɗaɗɗen lokaci na kansa. Wani saiwa yake ara mai farawa da th-: thili na kasance, thilā ya kasance, thiba zai kasance, thāe yakan kasance. Duk inda ka ga wannan th-, manta da nāhĩ. Ƙaramar kalma na (ନ) za ka sa dab da shi ta gaba, kuma galibi haɗe ake rubuta su.

Mũ kāli ghare nathili. Jiya ba ni gida.
Se kāli ghare nathiba. Gobe ba zai kasance a gida ba.
Kharādine nadīre pāṇi nathāe. Da rani ba a samun ruwa a gulbi.

Ta ukun tamkar don Gulbin Maradi aka yi ta. A shuɗaɗɗen lokaci rabon "babu" da "ba … ba ne" yana rushewa, dukansu wannan sura suke ɗauka: Pāṇi nathilā, babu ruwa a lokacin, Se ḍāktara nathile, shi ba likita ba ne a lokacin. Don "ba zai zama ba" ko "ba zai yiwu ba" kuwa, heba nāhĩ ne, hebani a gajarce, kalmar da ɗan kasuwa zai tare ka da ita in tayinka ya yi ƙasa.

In th- ya zo a matsayin mataimaki bayan babban aikatau, na tsakiyarsu take shiga, ba farkon duka ba: jāuthili ina tafiya a lokacin, jāu nathili; jāithili na riga na je, jāi nathili. Mũ jāṇi nathili, ban sani ba a lokacin, ita ce jimlar neman uzuri a ofis da tasha. Kuskuren da ake yi shi ne thili nāhĩ, don hannu ya saba ɗora nāhĩ a ƙarshe. Ka tuna kuma furucin na ya fi kusa da "no" gajere. In ka ja shi ya zama nā, wata kalma ka faɗa.

Aikatau da bai ƙare jimla ba

Ƙa'ida ɗaya ce: duk aikatau da ba shi ne ya rufe jimla ba, na a gabansa.

Se na khāi cāligalā. Ya tafi bai ci ba.
Barsā na hele mũ jibi. In ba a yi ruwa ba zan je.
Na jibā bhala. Rashin zuwa ya fi.
Ḍāktara na khāibāku kahile. Likita ya ce kada a ci.
Jadi se na āse… Idan bai zo ba…

Nahele ita kaɗai tana nufin "in ba haka ba": Ausadha khāa, nahele jwara chāṛibani, sha magani in ba haka ba zazzaɓi ba zai sake ka ba. Su cin magani suke yi, ba sha ba. Akwai kuma wata na da ba ta kore komai a kunnen Bahaushe: se na āsibā parjyanta ma'anarta "har sai ya zo". Kada ka karanta ta a matsayin ba zai zo ba.

Kada

Hausa tana sa "kada" a farko, Odiya tana faɗin umarnin sannan ta kore shi. Ga āpaṇa: Laṅkā diantu nāhĩ, kada ku sa barkono, Cintā karantu nāhĩ, kada ku damu. Wannan surar -ntu nāhĩ ita za ka gani a allunan gargaɗi. Ga tume: jāa nāhĩ ko jāani, kada ka tafi. Ga yaro: jā nā. In hanin na wani lokaci ne nan gaba, surar lokaci mai zuwa ake ara: bhulibani, kada ka manta; bhulibe nāhĩ ga babba. Wanda ba ya wurin kuwa, korewarsa gaba take komawa: se na jāu, kada ya tafi. Baƙo ya tsaya a kan surar āpaṇa da kowa banda yara, har sai su da kansu sun sauko da shi.

-ni da -ṇi

Nan ne ake asarar kuɗin mota, wani lokaci har abin da ya fi kuɗi. Odiya tana da wani ɗafa-ƙeya, -ṇi (ଣି), wanda ke manne wa shuɗaɗɗen aikatau a daidai gurbin da -ni (ନି) take mannewa, ma'anarsa kuma kishiya ce: "ya riga ya".

Se galāni. Bai tafi ba. Se galāṇi. Ya riga ya tafi.
Kāma helāni. Aiki bai yiwu ba. Kāma helāṇi. Aiki ya riga ya kammala.
Mũ khāilini. Ban ci ba. Mũ khāiliṇi. Na riga na ci.

Wajen n ta korewa, kan harshe yana taɓa bayan haƙoran sama. Wajen ṇ, harshe yana lanƙwasawa baya ya bugi ganɗa ya faɗo. Bahaushe yana da wannan motsin a bakinsa: r ɗin "ruwa" da "rana", wadda harshe ke kaɗawa sau ɗaya, ba mai karkarwa ta lambar "tara" ba. Faɗi "gari" a hankali, ka sake faɗa kana sakin iska ta hanci a kan r ɗin. Abin da ya fito ya yi kusa ƙwarai da ṇi. Ita wannan r ɗin ce kuma za ta fid da kai a gāṛi.

Furtawa ta fi ji sauƙi. Kunne yakan daɗe bai raba su ba, balle cikin hayaniyar tasha ko ta wayar salula. A saƙon WhatsApp abin ya fi muni, domin ƴan Odisha da yawa da haruffan boko suke rubutu, ba ɗigo ba sanda. Kalma ɗaya, galani, tana iya zama ba ka tafi ba, ka riga ka tafi, bai tafi ba, ko ya riga ya tafi. Abu biyu ke taimako. Na farko, mai son cewa "bai tafi ba tukuna" jāini yake cewa, don haka galani a amsar "ina wane?" ta fi karkata ga ya riga ya tafi. Na biyu, in maganar mai nauyi ce, mayar da tambaya: Galā ki nāhĩ? Ya tafi ko a'a? Amsar hã ko nā ba ta da harshen damo.

Mai jinya ya ɗauki wannan da gaske. In ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko marar lafiya ya sha magani, khāilāni da khāilāṇi tazararsu kwanciyar harshe ce kawai, sakamakon kuwa ko a tsallake magani ko a ninka shi. Kauce wa duka biyun. Bai sha ba: khāi nāhānti, ko khāi nāhĩ in yaro ne. Ya sha: khāi sārichanti, ko khāi sārichi. Wannan ne dalilin riƙe doguwar sura.

Kowa, komai, ko'ina

Tsarin irin na Hausa ne: kalmar tana zama a gurbinta, aikatau ya ɗauki korewa. Kehi āsi nāhānti, ba kowa da ya zo. Mũ kichi khāini, ban ci komai ba. Mũ kebe Purī jāini, ban taɓa zuwa Puri ba. Keũṭhi miḷuni, ba a samu ko'ina. Bi yana ƙara ƙarfi kamar "ko" tamu: goṭie bi nāhĩ, babu ko ɗaya. Āu "sauran" ce ko "ƙari": āu nāhĩ, babu saura, āu darakāra nāhĩ, ba a buƙatar ƙari. "Sam" ita ce jamā a baki, ādau a rubutu. E parjyanta "har yanzu": Se e parjyanta āsini.

Kada ka haɗa kalmar tambaya da ƴar'uwarta. Kie "wa", kehi "kowa". Kaṇa "me", kichi "komai". Kie nāhĩ? tambaya ce, wa ke ba ya nan. Ɗalibin da ya so ce wa malami ajin ba kowa ya faɗi haka, malamin zai fara lissafa masa sunaye.

Wasu kalmomi da ɗafa-goshi a- ake juya su: sambhaba mai yiwuwa, asambhaba marar yiwuwa, subidhā sauƙi, asubidhā matsala. Waɗannan haddace su ake yi ɗaya-ɗaya, ba a ƙirƙira. "Ba tare da" kuwa binā ce: cini binā, ba sukari.

Nā mai fuska uku

Nā (ନା) ita ce "a'a", hã ita ce "i". Amma tsakanin abu biyu a tambaya nā "ko" ce: Cā nā kaphi? Shayi ko kofi? Jiba nā nāhĩ? Za ka je ko a'a? Tana kuma zuwa ƙarshen magana a matsayin "ko ba haka ba": Tume āsiba nā? Za ka zo, ko? Mai koyo yana jin nā ya ɗauka an hana shi, alhali zaɓi aka ba shi.

In an yi maka korarriyar tambaya, Tume jibani ki? Ba za ka je ba?, kada ka amsa da kalma ɗaya. Hausa tana cewa "i, ba zan je ba", Faransanci yana da si, kai kuma kana tsakiya. Maimaita aikatau: jibi ko jibini. Sannan akwai korewar da gayyata ce, irin "ba ka zauna ba?" tamu: mai gida ya nuna kujera ya ce Basu nāhānti, ba cewa yake ba ku zama ba, cewa yake bismilla.

Ga yadda duk wannan ke haɗuwa a gaban teburin mai kayan miya. Mace mai shekaru Māusi ake ce mata, kamar Inna a wurinmu:

"Māusi, aṇḍā achi ki?" Inna, akwai ƙwai?
"Nāhĩ, sarigalāṇi." Babu, ya riga ya ƙare.
"Kāli āsiba?" Gobe zai zo?
"Āsibani, gāṛi āsuni. Āḷu nebani?" Ba zai zo ba, mota ba ta zuwa. Ba za ka ɗauki dankali ba?
"Nā Māusi, mo pākhare khucurā nāhĩ." A'a Inna, ba ni da canji.
"Asubidhā nāhĩ, kāli deba." Ba matsala, gobe ka bayar.

Duba sarigalāṇi a layi na biyu. Da -ni ce, da cewa ta yi bai ƙare ba, kuma nāhĩ ɗin da ta fara da shi ne ya nuna maka wanne take nufi. Irin wannan dogaro da maƙwabtan kalma shi kunne ke yi kafin ya iya raba sautukan.

Atisaye tun daga gida

Ɗauki kaye ka ja layi biyar a tsaye: sabau, shuɗaɗɗe, mai zuwa, mai ci, kammalalle. Aikatau biyar sun isa farawa, duk a surar mũ. Tafiya: jāe, gali, jibi, jāuchi, jāichi. Zuwa: āse, āsili, āsibi, āsuchi, āsichi. Ci: khāe, khāili, khāibi, khāuchi, khāichi. Yi: kare, kali, karibi, karuchi, karichi. Bayarwa: die, deli, debi, deuchi, deichi. Ukun farko na kowane jeri ɗora musu nāhĩ. Biyun ƙarshe tsige -chi tukuna. Sai ka ƙara layi biyu, ka mayar da -chi zuwa -thili, ka cusa na a tsakiya. Surori 35 ke nan. In sun zauna, sauya mũ da āpaṇa, domin ita za ka fi buƙata bayan taka. Tu ta jira ƙarshe.

Atisayen ya fi kyau da mutum biyu. Ɗaya ya jefo jimlar Hausa ba tare da tsari ba, "babu wuta", "ba wutata ba ce", "jiya babu wuta", ɗayan ya faɗi kalmar korewa kaɗai kafin ya gina sauran: nāhĩ, nuhẽ, nathilā. Minti 15 a zama ɗaya ya isa, bayan haka baki ne ke aiki ba kai ba. Sa allon rubutun Odiya a salularka, Gboard yana da shi, ko don ka saba ganin ନ da ଣ a matsayin haruffa biyu dabam.

Duk abin da ke sama Odiyar gaɓar teku ce, ta Katak da Puri da Bhubaneswar, wadda ake rubutu da labarai da ita. A yammacin jihar, wajen Sambalpur, maganar gida dabam take, kuma a can za ka ji kalmar korewa tana riga aikatau. In makarantarka ko asibitinka a can yake, ci gaba da amfani da surorin nan, ana gane su ko'ina a jihar, amma ka sa kunne a tsakiyar jimla, kada ka jira ƙarshenta kafin ka san ko an ce i ko an ce a'a.